Daga Mariri Zuwa Panshekara

Yau labarin tafiya zan ba ku, amma fa ba ta nesa ba ce, don kuwa ko ƙaramar hukumarmu ban bari ba.

Ran Asabar na shirya zuwa gai da gwaggona a Panshekara. Ni kuwa a Mariri nake zaune, nan nake koyarwa. Mariri da Panshekara duk ƙasar Kumbotso ce, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, amma sai da na sauya adaidaita sahu har uku kafin in isa. Dalili kuwa shi ne Kumbotso ta kewaye birnin Kano ta kudu kamar majanyi a bayan mai goyo, ɗaya bakin yana hanyar Maiduguri, ɗaya yana can hanyar Gwarzo.

Na baro kasuwar goro ta Mariri ana ta sauke huhuna, na biyo ta Na'ibawa a kan hanyar Zariya, inda 'Yan Lemo da 'Yan Katako suke. Kowace mota na gani ta fito daga 'Yan Katako, katakon rufi ne a kanta. Na ce a raina, lalle wani wuri ana cin gona. Ashe kuwa gaba kaɗan zan gani da idona. Ko'ina na duba sai tarin bulo da yashi, ga gida an rufa, ga wani an kai linta an tsaya, ga kuma 'yar gonar gero ɗaya tilo a tsakiyarsu, kamar baƙuwa a gidan biki.

Da na isa, bayan mun gaisa na sha ruwa, sai na ce, "Gwaggo, ina gonar da muke zuwa roron gyaɗa muna yara?" Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ai kin wuce ta kanta. Gidaje ne yanzu, awon igiya aka yi mata."

To, ga waɗanda ba su sani ba, awon igiya shi ne mai gona ya yanka gonarsa fuloti fuloti ya sayar, ba tare da ma'aikatan tsara gari sun zo sun fitar da hanya ba. Ba na zargin mai saye, gama haya a cikin birni ta fi ƙarfin talaka, kowa kuwa yana son inda zai ce nasa. Amma mai sayarwa ba ya barin filin makaranta, ba ya barin na asibiti, lungun ma da ƙyar kurar mai ruwa take shiga. Ran da naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ran nan ake sanin amfanin hanya. In damina ta sauka kuwa, ruwa ba shi da inda zai bi sai tsakar gidan mutane.

Wani abin mamaki, kogin Challawa yana nan kusa da su, kuma tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero ake jan ruwa daga can zuwa birni. Duk da haka na tarar gwaggo tana lissafin jarkar da za ta saya wurin 'yan garuwa.

Muna cikin hira na tambaye ta sunan mazaɓarta. Ta ce Panshekara mana. Na ce wane ne kansilanku? Ta ce ita mai unguwa ta sani. Kishiyarta ma haka. Kumbotso tana da mazaɓu 11: Challawa, Chiranchi, Danbare, Danmaliki, Guringawa, Kumbotso, Kureken Sani, Mariri, Na'ibawa, Panshekara da Unguwar Rimi. Kowace da kansilanta, wanda aikinsa ne ya kai kukan unguwa gaban majalisa, ko na rijiyar burtsatse ne, ko na kwalbati, ko na rufin aji. Yawancin sunayen nan na ƙauyuka ne na da, waɗanda gari ya zo ya haɗiye. Sababbin unguwannin da suka tsiro a tsakaninsu kuwa, wata ma sunan mai gonar ake kiranta da shi, kuma sau da yawa amaryar da aka kawo ba ta san a wace mazaɓa aka ajiye ta ba.

Sai maganar yawan jama'a, wadda ita ta fi damuna. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen dubu 295 a Kumbotso. Lokacin ina 'yar ƙarama, ina tuna malaman ƙidaya sun shafa mana tawada a yatsa. An shirya wata ƙidayar a 2023, aka ɗage. Ku duba fa, duk yaran da ke ajina babu ko ɗaya da aka haifa a 2006, balle a ƙidaya shi. Haka iyayensu da yawa, a lokacin suna cikin birni ko suna ƙauye. Mai rabon bencina da littattafai kuwa takarda yake dubawa. Shi ya sa 'yan ajina na gaba suke zaune a ƙasa har gindin allo, in zan yi rubutu sai na ce su matsa.

Ƙidaya ba a hannunmu take ba, amma takardar haihuwa tana hannunmu. Kowace uwa tana iya zuwa ofishin hukumar ƙidaya na ƙaramar hukuma, ko asibitin da ake awo, a rubuta ɗanta, ko da a gida ta haihu. Kada a yi wa namiji a bar mace, don na ga ana yin haka.

Ran Litinin da na koma aji na tambayi yara wa ya san mazaɓarsu. Yarinya ɗaya ce ta ɗaga hannu, ita ma don babanta tela ne, shi ya ɗinka wa kansila riga. Na rubuta sunayen goma sha ɗayan nan a allo, na ce kowa ya kwafa ya kai wa mahaifiyarsa ta nuna masa tasu, ya kawo mini amsa ran Laraba.