Tuscaloosa: Inda Neman Ƙawaye Ke Kai 'Yan Mata Ga Kofin Giya

A kudancin Amurka, a bakin kogin Black Warrior, garin Tuscaloosa yake, mazaunin Jami'ar Alabama. Daf da filin wasan jami'ar, mai cin mutum kusan 100,000, za ka ga manyan gidaje a jere da fararen ginshiƙai, kowanne da haruffan Girkanci a goshinsa. Gidajen ƙungiyoyin ɗalibai mata ke nan, waɗanda ake kira sororiti.

Duk watan Agusta, 'yan mata fiye da 2,000 ke zagaya gidajen nan cikin zafin rana, ana tantance su. A 2021 bidiyon wannan zagaye ya cika TikTok. Wadda aka ɗauka ta samu yayye, abokan cin abinci, da masu yi mata hanyar aiki nan gaba. Ga yarinyar da ta baro gida, wannan ba ƙaramin gata ba ne.

Uwar ƙungiyoyin ta ƙasa, mai mambobi 26, ta hana giya a gidajen matan. Sai shagali ya koma gidajen ƙungiyoyin maza, inda samari ke tsare ƙofa, su ne kuma ke haɗa abin sha. Baƙuwa ba ta san ƙarfin abin da aka zuba mata ba. Ga shi bayan dokar 1984 shekarun sayen giya 21 ne, sabuwar ɗaliba kuwa yawanci 18 gare ta, don haka a ɓoye ake sha, cikin gaggawa. Ƙin karɓar kofi a gaban yayye na da wuya ga mai tsoron a ware ta.

Cibiyar binciken giya ta gwamnatin Amurka ta ce kofi 4 cikin awa 2 ga mace shan ganganci ne. Jikin mace bai kai na namiji ruwa ba, shi ya sa giya ke saurin yi mata illa. Cibiyar ta kuma nuna makonni shida na farkon shiga jami'a a matsayin lokaci mai hatsari.

Iyayen da ke tura 'ya'ya karatu Amurka, ku yawaita kira a waɗannan makonni. Ku tambayi da wa take cin abinci, ina take zuwa daren Juma'a. Ku kuma gaya mata: in ƙawa ta sha ta kasa farkawa, ta kwantar da ita ta gefe, ta kira 911 nan take.