Jerin Sunaye Ba Watanda Ba Ne

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ko teburin mai shayi a Kazaure ya san cewa ƙasar nan ba ta fama da ƙarancin masu horar da 'yan wasa. Da zarar an ce gasa ta gabato, kowa sai ya ari biro, ya nemi bayan kwalin sukari, ya shiga jera sunayen waɗanda ya kamata a tafi da su da waɗanda ya kamata a bari a gida su huta. Ni ma ina cikin masu wannan ciwo, sai dai nawa ya ɗan fi na jama'a tsanani, domin kuwa ban tsaya kan ƙwallon ƙafa ba, har wasan zari-ruga na tsoma wa baki.

Na san wani zai ce, me ya haɗa Bakazaure da zari-ruga? To rashin abin kallo ne ya haɗa mu. A watannin Yuni da Yuli ƙwallon Turai tana hutu, gidajen kallo suna zama kamar an yi shara. A irin wannan lokaci ne cikin 2013 mai gidan kallon unguwarmu ya riƙa bar mana tashar wasanni da hantsin Asabar, muka ga waɗansu ƙarti cikin jajayen riguna suna gudu da ƙwallo mai siffar ƙwai. Da farko dariya muka yi, muka ce dambe ne aka haɗa da tsere. Amma da na zuba ido sai na ga ai langa ce ta Turawa: mutum ɗaya ne ruwa, yana neman ya kai ga sha, sauran suna tare masa hanya suna ture masu neman kayar da shi. Bambancin kawai, a nan ruwan yana iya miƙa ƙwallon ga ɗan'uwansa, kuma doka ta ce da hannu baya ake jefa ta, ba a jefa ta gaba. Mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80 ake yi, wanda ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokan gaba ya ci maki 5. Daga baya ma na gane wasan ba baƙo ba ne ƙwarai a Arewa, tun da a Kano akwai kulob ɗin Barewa da ya daɗe yana koya wa yara shi.

Masu jajayen rigunan nan su ne British and Irish Lions, wato Zakunan Birtaniya da Ayilan. Ƙasashe huɗu ne da ba sa ga-maciji a fili: Ingila, Sikotilan, Welis da Ayilan. Kowace shekara suna gwabzawa da juna, amma duk bayan shekara huɗu sai a tsamo gwanayensu a haɗa su ƙungiya guda, su tafi yawon wasa Ostireliya, ko Niyu Zilan, ko Afirka ta Kudu, bi da bi. Tun 1888 aka fara wannan tafiya. Kayan da suke sawa ma rabo aka yi: jar riga ta Welis, farin wando na Ingila, shuɗiyar safa ta Sikotilan, koren bakin safar kuma na Ayilan. Launi dai an raba shi daidai wa daida. Amma guraben 'yan wasa, nan fa ake yin ta, domin ba a taɓa yi musu rabon daidai ba, kuma da an fitar da sunaye abin da magoya baya suke fara yi shi ne ƙirga 'yan ƙasarsu.

Da tafiyar Ostireliya ta 2025 ta matso, sai na zauna cikin watan Afrilu na rubuta nawa hasashen na mutum 15 da za su fara wasa. A 'yan gaba takwas, waɗanda su ne ƙartin turereniya, na sa Andrew Porter, Dan Sheehan da Tadhg Furlong a sahun farko, dukansu 'yan Ayilan. A bayansu dogaye biyu masu cafe ƙwallo a sama, Maro Itoje na Ingila da Tadhg Beirne na Ayilan. Sai mafarauta uku: Tom Curry na Ingila, Jac Morgan na Welis, da Caelan Doris na Ayilan a lamba 8. A 'yan baya bakwai kuwa, Jamison Gibson-Park na Ayilan a lamba 9, Finn Russell na Sikotilan a lamba 10 domin shi ne mai rabon aiki, Sione Tuipulotu da Huw Jones a tsakiya saboda sun saba da juna a Sikotilan da kulob ɗinsu na Glasgow, James Lowe na Ayilan da Tommy Freeman na Ingila a gefe, sannan Blair Kinghorn na Sikotilan a can ƙarshe. Da na ƙirga sai na ga Ayilan 7, Sikotilan 4, Ingila 3, Welis 1 tal. Hannuna bai yi rawa ba, domin a lokacin Welis ta sha kashi sau 17 a jere, kuma ba ni da kawu a can da zai kira ni ya yi mini faɗa.

Ranar 8 ga Mayu koci Andy Farrell ya fitar da sunayen mutum 38. Mutum 14 cikin nawa suna ciki. Doris ne kaɗai babu, shi ma rauni ya ji a kafaɗa ana saura kwanaki kaɗan. Rabon ya tashi Ayilan 15, Ingila 13, Sikotilan 8, Welis 2. Aka ba Itoje kyaftin, wanda a Landan aka haife shi amma iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci Zakunan. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kocin bai sa ɗansa na cikinsa ba, wato Owen Farrell, duk da yaron ya je tafiya uku a baya.

To mai karatu, zaɓen baƙi a hayin teku wasa ne, ba wanda zai ƙi gaishe ka a masallaci saboda shi. Abin ya zama na gaske ne da aka kawo mini shi har gida. Ana cikin shirin Babbar Sallar shekarar nan sai abokanmu na Magarya, can cikin jihar Damagaram ta Nijar, wadda ba ta da nisa da Babura, suka gayyace mu wasan sada zumunta. Aka ce maimakon gari guda ya je, a haɗa yaran Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa su tafi da riga ɗaya. Mota guda za a ɗauka, gurbi 18 ne. Da yake na taɓa buga ƙwallo kafin gwiwa ta hana ni, kuma an san ni da ƙarambanin rubuta sunaye, sai aka ɗora mini biro.

Shawarar da manya suka fara kawowa mai daɗin ji ce. Suka ce kowane gari ya kawo huɗu, ya zama 16, ragowar biyu a ba masu tsaron gida, a zauna lafiya. Na ce musu, ranku ya daɗe, wannan ai watanda ce. A watanda kowa ya zuba kuɗi daidai, dole a kasa nama daidai, har da kayan ciki. Amma ƙungiya ba sa ba ce da aka yanka. Idan kowane gari ya turo gwanayensa huɗu, to masu cin ƙwallo za a turo, domin su gari yake sani, sai mu wayi gari da 'yan gaba goma sha biyu ba mai tsaron baya. Zari-ruga ce ta koya mini haka ƙarara: akwai gurbin gajere mai kauri, akwai na dogo, akwai na siriri mai gudu, kuma in ka cika fili da masu gudu zalla, za a ture su kamar karan dawa. Gurbi ake fara dubawa, sannan a nemi mai cika shi, ko daga ina ya fito.

Sharaɗin da na ɗora wa kaina shi ne ba zan rubuta sunan wanda ban gani ba, kuma ba zan tsallake garin da ban je ba. Damina ta riga ta faɗi, yara suna gona sai la'asar sakaliya suke fitowa fili, don haka na yi sati biyu ina hawa babur da yamma: Roni da duwatsunta, Babura, Gwiwa har sau uku. Da na gama sai takarda ta tashi Kazaure 7, Babura 6, Roni 4, Gwiwa 1. Wannan ɗayan wani ɗan siririn yaro ne mai tsaron baya, marar surutu, wanda in ya maƙale wa mutum sai ka ce ƙarangiya.

Wuta biyu ta tashi. Ta farko a gida, domin ban sa ɗan yayata ba. Yaron yana da ƙafa, amma a gurbinsa akwai wani ɗan Babura da ya fi shi, kuma kowa ya sani. Yayata ta aiko aka kira ni, ta ce, “Yanzu kai ɗan nan, da bakinka da hancinka, a ce kai ke riƙe da biro amma ɗanka ya zauna a gida bare su shiga mota?” Na ce, “Yaya, ki yi haƙuri. In na sa shi, gobe duk ƙwallon da ya ɓarar za a ce ɗan kawu ne, kuma wannan suna ba ya wankuwa.” Ta ce ita ba ta san wannan ba, ta san dai naka sai naka. Har aka ci naman Sallah aka gama, gaisuwata da “lafiya” kawai take amsawa.

Wuta ta biyu daga Gwiwa ta zo, kuma ta fi nauyi. Wani dattijo da ke kula da yaran can ya same ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malam, ba na cewa ka yi son kai, tun da na gan ka da idona sau uku. Amma ka ga filinmu, rabinsa gangare ne. Ƙwallo ɗaya gare mu, in ta fashe sai mu yi sati muna jiran a ɗinke. Ka auna yaran da suke da fili da yaran da ba su da shi da mudu ɗaya.” Na ce masa, “Baba, gaskiyarka. Sai dai in na ba ku gurbi huɗu don kunya, yaran za su je su zauna a benci, su dawo, filin yana nan da gangarensa.” Muka rabu a kan cewa abin da aka tara na tafiya, in ya yi saura, ƙwallaye da raga za a saya wa Gwiwa, kuma yaran Kazaure za su riƙa zuwa can wasa maimakon kullum a ce su su zo. Ina ganin wannan shi ne bashin da ke kan duk mai rubuta sunaye: ya zaɓa bisa cancanta yau, sannan ya taimaka wa wanda ya bari ya cancanta gobe. In ya yi na farko ya bar na biyu, to adalcin mai ƙarfi ya yi.

A Magarya an karɓe mu da fura da nama, sannan aka ci mu 2 da 1. Na faɗi wannan ne da gangan, domin mun saba auna mai zaɓe da sakamako kawai. A 2013 marigayi Stephen Keshi ya bar Peter Odemwingie, ya ɗauki 'yan wasan cikin gida shida zuwa gasar Afirka, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. An zage shi iya zagi, sai da Sunday Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu sannan ya zama gwarzo. A watan Yulin shekarar nan kuma Warren Gatland ya ajiye Brian O'Driscoll, gwarzon Ayilan, ya fara wasan ƙarshe da 'yan Welis 10, Ayilan ta ɗauki zafi, sai Zakuna suka lallasa Ostireliya 41 da 16, baki ya mutu. To da ƙwallon Mba ta daki turke fa? Hujjar da Keshi ya zaɓa da ita tana nan yadda take, jama'a ce kawai ba za ta yafe ba. Zaɓe na gari yana iya faɗuwa, na son kai ma yana iya dacewa, saboda haka ni a wurina abin tambaya shi ne, ka je ka gani? Kuma da ɗan wani ne, haka za ka yi?

Zakunan 2025 sun ci wasa biyu cikin uku. Ɗaya daga 'yan Welis biyun nan, Tomos Williams, ya ji rauni tun farkon tafiya, Jac Morgan ya rage shi kaɗai, kuma shi ne ya share hanya a harin ƙarshe na wasan Melbourne da aka tashi 29 da 26, duk da 'yan Ostireliya sun yi ta ƙorafi a kan turewar tasa. Ashe gurbi ɗaya da aka samu da gumi yana iya fin huɗu na alfarma. A cikin tafiyar kuma, da Elliot Daly ya karye a hannu, Farrell ya aika aka kira ɗansa Owen. Ɗan yayata bai bari labarin ya huce ba, ya zo har gida da wayarsa yana murmushi, ya ce, “Kawu, Baturen naka fa ya kira ɗansa.” Na ce, “Ƙwarai kuwa, bayan gurbi ya buɗe, kuma bayan yaron ya yi tafiya uku. Kai ma ka ci gaba da fita atisaye, biro yana nan.”

Zakuna sai 2029 za su sake fita, Niyu Zilan za su nufa, in da rai da lafiya zan sake jera nawa. Ku kuma masu rubuta sunaye a bayan kwali, ko na ƙwallo ne ko na ɗaukar aiki ko na rabon taki, ku gwada sa sunan ɗan'uwanku kusa da na bare ku ga ko hannu zai tsaya. Allah ya ba mu ikon yin adalci ko da a kan namu ne. Sai mun sake haɗuwa.