Makero a Kan Autanmu



A daminar bara makero ya fito wa autanmu a ka. Kamar yadda yawancinmu muka saba, ba mu je asibiti ba. Kyamis muka nufa, muka sayo kafso irin wanda ake sha don miki. Yaro ya sha har mako biyu, gashi bai daina zubewa ba, tabon kuma sai faɗi yake yi. Abokansa a makarantar Lahadi suka fara yi masa dariya, har ya ƙi zuwa sujada.

Wadda ta taimake mu 'yar wannan zumunta ce, ɗalibar kimiyyar ƙananan halittu a jami'a. Wata uku kafin nan mun katse ta a gaban kowa a nazarin Littafi Mai Tsarki, don ta ambaci juyin halitta. Muka ce irin wannan magana ba ta gidan Allah ba ce. Tun daga ranar ba ta ƙara buɗe baki a taro ba.

Ta zo gaishe da Mama, ta ga kan yaron, sai ta ce, "Baba Fasto, wannan magani ba na wannan ciwo ba ne." Ta ɗauki tsohuwar takardar shirin sujada, ta zana itace mai rassa a bayanta.

Ga abin da muka koya. Masana suna jera masu rai dangi-dangi, kamar yadda muke bin salsalar gida. Bakteriya suna can wani reshe mai nisa da mu. Suna da wani irin bango a jikinsu wanda mu ba mu da shi, shi ne penisilin da ire-irensa suke rushewa, su kashe su ba tare da sun taɓa namanmu ba. Makero kuwa ba bakteriya ba ne. Danginsa su ne funfunar da ke fitowa a burodi, da yisti, da laimar kwaɗi. Ba shi da irin wancan bango, don haka kafsonmu bai sami abin rushewa ba.

A dā ana lissafa funfuna cikin tsire-tsire, sai a 1969 Robert Whittaker ya ware mata rukuninta. Da aka gwada ƙwayoyin gado daga baya, aka ga ta fi kusa da dabbobi fiye da tsire-tsire. Ba ta haɗa abinci da hasken rana kamar dawa ko gero, ci take yi kamar mu. Bangonta ma an yi shi da irin sinadarin da ke cikin ɓawon fara. Wannan kusancin ne ya sa magungunan funfuna ba su da yawa, gama abin da zai cuce ta yakan iya cutar da mu ma. Likita ya rubuta wa yaron maganin sha na makonni da dama, gashi ya dawo.

Daren nan barci bai zo mana da wuri ba. A kwalejin tauhidi an koya mana cewa Allah yana bayyana kansa ta wurin halitta da kuma ta wurin Kalmarsa, mun ma rubuta jarrabawa a kai. Amma da 'yarmu ta kawo mana shafi ɗaya daga littafin halitta, tsoro ya sa muka rufe mata baki. Me muke tsoro? Farawa sura 2 ta nuna cewa daga ƙasa aka siffanta mutum, daga ƙasar nan kuma aka siffanta dabbobi da tsuntsaye. Darajarmu tana cikin kamannin Allah da numfashin da ya hura mana, kama da sauran halittu ba ta rage ta ba.

Masu bi na gaskiya sun bambanta a kan yadda za a fahimci kwanakin halitta da shekarun duniya, ba kuwa a wannan shafi za mu raba gardamar ba. Abin da muka tabbata shi ne, rashin sani ya fi dare duhu, kuma namu rashin sanin ya wahalar da yaro, ya kusa raba wata da zumuntar 'yan'uwa. A Lahadi ta gaba muka roƙe ta gafara a gaban waɗanda muka kunyata ta a gabansu.

Ku da kuke ajin kimiyya, kada ku ajiye bangaskiyarku a ƙofar aji, kada kuma ku ajiye tambayoyinku a ƙofar majami'a. Ku kawo su mu duba tare. In ƙaninku ya yi makero, ku kai shi wurin ma'aikacin lafiya, ku bar kafso.

Mu yi addu'a: Ya Ubangiji Mahaliccin manya da ƙananan halittu, ka ba mu tawali'u mu koya, ko daga bakin 'ya'yanmu ne. Amin.