Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jiratawa Da Zancen Nukiliya

Duk wanda ya tayar da zancen bom ɗin nukiliya a majalisar dattawan Jiratawa, da wuya ya tashi ba a yi masa dariya ba. Garin manoma ne a bakin Gulbin Maraɗi, tafiya kaɗan kudu da birni, abin da ya dami mutanensa shi ne tsadar taki, da kuɗin wutar da ke juya injinan ban-ruwa, da yadda zogale zai yi daraja a kasuwa. Wane sarkin yaƙi ne zai ɓata makamin da aka kashe dukiya mai ɗimbin yawa wajen ƙera shi a kan fadamar alkama da tattasai? Masu dariyar suna da gaskiyarsu, domin babu mai auna Jiratawa da irin wannan makami. Sai dai masifa tana da ƙofofin shiga gari da yawa, kuma biyu daga cikinsu, wato iska da kasuwa, a buɗe suke dare da rana.

Zancen iska ba zato ba ne, ya riga ya faru. Ran 13 ga Fabrairu 1960, watanni shida kafin Nijar ta sami mulkin kai, Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko kusa da Reggane, a hamadar Aljeriya, kimanin kilomita 1,600 daga Maraɗi. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Daga 1960 zuwa 1966 gwaji 17 aka yi a Sahara: huɗu a sararin sama a Reggane, goma sha uku a cikin dutse a In Ekker. Ran 1 ga Mayu 1962 ɗaya daga cikin na In Ekker ya kuɓuce, hayaƙi mai guba ya fasa dutsen ya fito ya rufe waɗanda suka je kallo, cikinsu har da ministoci biyu na Faransa. Gana ta riƙe dukiyar Faransa da ke hannunta saboda waɗannan gwaje-gwaje, Najeriya kuwa ta sallami jakadan Faransa daga Ikko a watan Janairu 1961. Amma taswirar sojan Faransa da ta nuna inda ƙurar bom na farko ta bi ba ta fito fili ba sai a 2014. A cikinta aka ga ƙurar ta bazu a sararin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, bayan kwana goma sha uku kuma ta kai gaɓar Sifen. Shekara hamsin da huɗu ke nan tsakanin aukuwar abu da jin labarinsa. A wancan lokacin na hunturu babu wanda ya zo ya ce wa matar da ke shanyar gari a tsakar gida ta kwashe shanyarta, ko ta rufe randarta.

Haka kuma ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga ma'adinin da ake wannan aiki da shi. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma ƴan Maraɗi da yawa sun ci abinci a can, wasu leburori, wasu direbobi, wasu ƴan kasuwa. A ƙarshen 2009 masu bincike na ƙungiyar Greenpeace, tare da ɗakin awo na CRIIRAD da ke Faransa, sun auna wasu titunan Akokan suka tarar da tururin ma'adinin a wani wuri ya ninka na al'ada har sau 500, sun kuma ga ɓaraguzan ƙarafa masu guba a kasuwa. Lokacin da mahaƙar COMINAK ta rufe a watan Maris 2021, ta bar tarin dusar ma'adini da ya kai tan miliyan 20. Darasin Akokan shi ne wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. Maƙeri zai iya ƙera tukunya da ƙarfen da ke ɗauke da ita bai sani ba. Na'ura kaɗai ke ganinta, na'ura kuwa a hannun hukuma take. Saboda haka tun daga tushe shirin gida ya rataya ne a kan gaskiyar hukuma.

Ƙofa ta biyu ta fi ta farko faɗi. Ƙasashe tara ne suka mallaki makaman nukiliya, kimanin 12,000 gaba ɗaya, kusan kashi tara cikin goma a hannun Amurka da Rasha. A watan Agusta 2022 mujallar kimiyya ta Nature Food ta buga lissafin wasu masana a kan abin da zai sami abincin duniya in aka gwabza da waɗannan makamai. Birane za su ƙone, baƙin hayaƙinsu ya hau can ƙololuwar sama inda ruwa ba ya wanke shi, ya tare hasken rana shekaru, ƙasa ta yi sanyi, damina ta raunana. A lissafinsu, yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai zai iya jawo yunwar da za ta kashe mutum biliyan biyu, na Amurka da Rasha kuwa sama da biliyan biyar. Mafi yawan waɗannan mutane ba za su ji ƙarar bom ba, ba za su ga haskensa ba. Hatsi ne zai ƙi yin zangarniya, jiragen shinkafa su daina zuwa Kwatano da Lome, kowace ƙasa ta rufe iyakarta ta riƙe abin da ke hannunta.

Wannan hoto kuwa mutumin Maraɗi ya san shi, domin ya sha ganin ƙanensa. Kakanni sun bar labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyaye sun ga yunwar 1984, wadda aka laƙaba wa suna Ƴar Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A 2005 jihar da ake kira rumbun Nijar ita ce ta fi jigata: ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, alhali hatsi na jibge a kasuwa, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka. Sai kuma 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turowa, ba ta maido ba sai a watan Maris 2024. Filin ban-ruwa na Jiratawa, wanda aka kafa a farkon shekarun 1980 a kan sama da hekta 500, daga rijiyoyin burtsatse yake sha, injinansu kuma da lantarki suke aiki. Manominsa ya san cewa shawarar da aka yanke a wani birni mai nisa tana iya ƙona masa shuka cikin mako guda.

Ƙasashen da suka ɗauki wannan batu da gaske sun yi shiri daidai da halinsu. Suwizalan ta kafa doka tun 1963 cewa a tanadar wa jama'a maɓoya a ƙarƙashin ƙasa, har ta kai ga tana da gurbi ga kusan kowane mazauninta. Suwidin ta aika wa kowane gida ɗan littafin abin da za a yi in yaƙi ya zo, a 2018 da kuma 2024. A watan Maris 2025 Tarayyar Turai ta shawarci kowane iyali ya ajiye abin da zai riƙe shi sa'o'i 72. Ba kowane shiri ba ne ke tafiya daidai: ran 13 ga Janairu 2018 an aika wa mutanen Hawai ta Amurka saƙon waya cewa makami na tafe, suka yi minti 38 cikin firgici kafin a ce kuskure ne. Nijar ba ta da kuɗin gina maɓoyar kankare, ba ta ma da bukatarta. Abin koyi a wurin waɗannan ƙasashe shi ne sun gaya wa mutanensu gaskiya tun ana zaune lafiya, da harshen da suke ji.

Ilimin da gida yake bukata game da ƙurar nukiliya bai fi a rubuta shi a allo ɗaya ba. In aka yi shelar tana tafe, a shiga ɗaki a rufe ƙofa da taga, a zauna aƙalla yini da kwana. Katangar ƙasa mai kauri da rufin soro sun fi langa-langa da rufin kwano tare tururin, saboda haka tsohon ginin kaka ya fi sabon shagon jika amfani a ranar. Wanda ƙurar ta same shi a waje ya tuɓe tufafin sama ya ƙulle su a leda nesa da mutane, domin hakan kaɗai yana raba shi da mafi yawan gubar, sa'an nan ya yi wanka da sabulu ba tare da gurzar fata ba. A sha ruwan da ke rufe, a ci abincin da ke rufe, a killace dabbobi a ba su harawar da ke ƙarƙashin rufi, domin ta ciyawa guba ke shiga nono, ta nono kuma take shiga yara, kamar yadda aka gani bayan haɗarin Carnobil na 1986. Ƙwayar aidin da ake yawan ambata tana kare halittar maƙoshi ne kawai, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, ba a kuma shan ta sai da umarnin likita. Ƙarfin ƙurar bom yana raguwa da sauri: bayan sa'a bakwai ya koma kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu kashi ɗaya cikin ɗari. Haƙurin kwana biyu a ɗaki ya fi gudun fanfalaƙi a kan hanyar Ɗan Isa.

Ga masifar da ke biyo kasuwa kuwa, maganin tsoho ne, sunansa rumbun tsimi. A da maigida yakan ware damman da ba a taɓawa sai an ga bayan wata damina, kuma hatsin da aka bari a zangarniyarsa yakan yi shekaru bai lalace ba, dabarar da ke cikin ƙissar Annabi Yusufu tun zamanin Masar. Yau gonaki sun tsuke, iyali sun yawaita, bashi kuma yana sa manomi ya sayar da amfaninsa da kaka lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saye shi da bazara lokacin da ya fi tsada. Wanda ke cikin wannan hali ba a yi masa wa'azin tanadi, hannu ake ba shi. Bankunan hatsi na ƙauye, da ajiyar amfani a sito a karɓi rance a kansa, da asusun mata, su ne rumbun tsimin wannan zamani. Haka nan injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da rijiya mai murfi, da rediyo mai batir, da irin shuka mai saurin nuna da aka ɓoye a tulu.

Nauyin hukuma kashi uku ne. Na farko awo. A Torodi akwai tashar da ke cikin jerin tashoshin duniya masu sauraron girgizar gwajin nukiliya, ƙasar kuma tana da hukumar kula da makamashin nukiliya. Abin tambaya shi ne ta wace hanya sakamakon awo zai taso daga Yamai ya iso kunnen mai unguwa a Jiratawa kafin faɗuwar rana. Awo yana kuma kashe jita-jita: da aka auna ƙurar Sahara da ta rufe Turai a watan Maris 2022, an tarar burɓushin da ke cikinta ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ke cutar da lafiya. Na biyu ajiya. Tun 1970 aka kafa OPVN domin tsaron cimaka, darajar sitonta kuwa tana ga abin da ke ciki da kusancinsa ga mabukata. Na uku magana, da Hausa, ta rediyon gari, ta bakin liman da sarki da malamin lakkol, da wuri, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Jama'ar da aka saba gaya wa gaskiya a kan fara da ambaliya da kwalara ita ce za ta yarda ranar da aka ce ta shiga ɗaki saboda abin da ido ba ya gani.

Maraɗi da Tibiri garuruwa ne da aka kafa a cikin gudun hijira, Katsinawa da Gobirawan da yaƙi ya koro suka zaɓi duhun kurmin gulbi domin ya zame musu garkuwa. Da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon birnin Maraɗi, sai aka tashi aka koma kan tudu aka sake gini. Jikokin waɗannan mutane ba sa bukatar a koya musu ma'anar shiri, tuni kawai za a yi musu. Malamin da ya ware darasi ɗaya a shekara ya koya wa ɗalibansa abin da za su yi in iska ta zo da guba, ya kuma tambaye su dami nawa ya rage a rumbun gidansu a watan bakwai, ya yi aikin da zai amfane su ko da ba a taɓa harba makami ko ɗaya ba, domin murfin rijiya da damin ajiya suna jiran fari da ambaliya kamar yadda suke jiran abin da ya fi su.