Neman Asali a Ɗakin Karatu

Tun muna yara ake gaya mana cewa mu mutanen Zazzau ne, kakanninmu sun biyo Sarki Makau. Daga nan ni kuwa na ɗauka jinin sarauta gare mu, har nakan faɗa wa abokan aikina haka. Da mahaifina ya rasu, ɗana ya tambaye ni sunan kakan nan namu da ya taso daga Zariya, sai na yi tsuru, ban san shi ba.

Ran Asabar na nufi ɗakin karatu na garinmu, can kusa da Suleja. Ɗaki ɗaya ne tak, da benci biyu da kabad uku. Malamin da ke tsaronsa, wani dattijo mai haƙuri, ya kaɗe ƙurar littafin tarihin Abuja wanda Malam Hasan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, ya ce, "Malam, fara da wannan."

Na zauna tun hantsi. Na karanta yadda mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ɗaura jihadi a 1804, suka ci Zariya, Makau ya yiwo kudu da jama'arsa har Zuba. Bai sami zama ba, yana ta yaƙi har aka kashe shi wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa gari a 1828, aka ce da shi Abuja. Kada mai karatu ya ruɗe, wannan Abuja ita ce Suleja ta yau, ta bar wa babban birnin ƙasa sunanta bayan da aka zaɓi wurinsa a 1976.

To, sarakuna dai ga su bi da bi, kowa da shekarunsa. Na bi sunayen da yatsa har azahar, ban ga wanda ya yi kama da na gidanmu ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Akwai sauran tsoho a gidanku?" Na ce sai gwaggona, ita ma ido ya tafi. Ya ce, "Ai kuwa ka baro littafin a gida."

Da la'asar na durƙusa gabanta na kawo zancen sarauta. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wace sarauta, ɗan nan? Maƙeri ne. Shi ke yi wa mayaƙan Makau linzami da kan mashi. Ba ka ga uwar maƙera a bayan rumbu ba?"

Wallahi na sha ganinta, ban taɓa tambaya ba. Kunya ta kama ni, don na tuna cika bakin da na yi a ofis. Na dai zaro alƙalami, ta lissafa mini kakanni biyar, ta tsaya a kan na shida, ta ce in komo gobe da safe, watakila ya faɗo mata.