Gurbin da Na Rubuta "Babu"

A watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta, ina ɗan shekara 19 a kwalejin horar da malamai. Yara suka yi wa makarantu yawa, malamai suka yi kaɗan. Da aka tura mu gwajin koyarwa, sai aka ba ni ajin farko a wani ƙauye gabas da Kano, a gindin tsamiya, allo jingine da ita, yara sun fi 70 zaune a kan rairayi.

A kwaleji mun haddace tsarin darasi tamkar karatun allo: manufar darasi, kayan koyarwa, gabatarwa, matakai, auna fahimta. Kowanne da gurbinsa, a ja masa layi da jan biro. Akwai gurbi guda da ban ɗauka da muhimmanci ba, wanda ake rubuta abin da yara suka riga suka sani. Kullum kalma ɗaya nake sa masa: babu. A tunanina na lokacin, yaron da bai taɓa riƙe fensir ba, me ya sani?

Ranar da mai duba mu ya zo, tun daga nesa na ji ƙarar babur ɗinsa, cikina ya ɗuri ruwa. Wanda ya faɗi gwajin nan, takardar shaidar malanta ta kufce masa, kuma mahaifina ya sayar da tumaki biyu kafin in kai nan. Darasin lissafi ne. Na rubuta 5 da 5 a allo, na tambaya, shiru. Na sake tambaya, allin ya karye a hannuna. Ba ka jin komai sai ƙudaje da tarin wani yaro.

Dattijon mai duba mu ya buɗe littafin darasina, ya ɗora yatsa a kan kalmar nan, "babu". Bai yi mini faɗa ba. Ya juya ga wata yarinya da farantin tallarta ke gefenta.

"Ke yarinya, in na sayi gyaɗar sisi na ba ki sule, nawa ne canjina?"

"Sisi, Baba."

"In sule biyu na ba ki fa?"

"Sule da sisi."

Ko numfashi ba ta ja ba. Shekara uku ke nan da shigowar naira da kwabo, amma a kasuwar ƙauyen sisi da sule na tsohon kuɗi ake faɗa, ni kuwa ban taɓa kawo su aji ba. Ya kira wani yaro ya ce ya rubuta sunansa. Yaron ya durƙusa, ya zana shi a ƙasa da ajami, daga dama zuwa hagu, tsaf. Nan take hannuwa suka tashi ko'ina, ana "Ni, Malam! Ni, Malam!"

Ya miƙo mini littafin. "Malam, gyara wannan gurbin."

"To, ranka ya daɗe."

Daren nan, a gaban a-ci-balbal, na rubuta lissafin talla, ƙirgar awaki, baƙi da wasali, sunayen watannin Musulunci, har shafin ya cika na juya bayansa. Washegari da sisi da sule na buɗe darasi, yarinyar nan ce ta fara fitowa allo.

Ba ta kai aji uku ba aka cire ta daga makaranta. Na manta sunanta, kuma wannan yana damuna har yau.