Da Ƙafar Hajiya Muka Auna Hanya: Yadda Gidaje 11 Suka Zaɓi Yankari

Kowace shekara, ranar uku ga ƙaramar Sallah, ake taron zumuncin gidanmu a Kano, a tsakar gidan marigayi kakanmu. A taron da ya wuce ne wani cikin samarin gidan ya miƙe ya ce, maimakon kullum mu taru mu ci tuwo mu watse, me zai hana a yi tafiya tare a hutun Disamba? Kowa ya ce madalla. Ni ce magatakardar taron, don haka ni aka bar wa lissafi. Na ƙirga gidaje 11, mutum 63, tun daga Hajiya Babba, yayar mahaifinmu mai shekara 78, har zuwa jaririyar da ba a daɗe da yin sunanta ba. Wasu a Kano suke, wasu a Zariya, Abuja, Jos da Gombe.

Amincewa da tafiyar bai ɗauki minti biyar ba. Zaɓen inda za a je kuwa sai da ya ci mana mako uku, ya kuma kusa raba mu.

A zaurenmu na WhatsApp aka buɗe muhawarar. Samari suka ce Obudu, can jihar Kuros Riba, inda tsauni ya haura mita 1,500, gajimare yana ratsa mutum kamar hayaƙi. Suka cika mu da hotuna. Yayanmu na Abuja, wanda Allah ya buɗa wa, ya ce me zai hana a leƙa Dubai? Gwaggo ta ce ita dai a je Tiga, a shimfiɗa tabarma a bakin madatsar ruwa, a dawo kafin magariba. Yara suka yi mata caa, wai wannan ba tafiya ba ce, fita ce. Mutanen Jos suka ce a zo wajensu, ga duwatsu, ga gidan tarihin da aka buɗe tun 1952, ga kayan lambu kamar a kyauta. Kowa da hujjarsa, kuma babu wanda ya faɗi ƙarya.

Ana cikin wannan ne, wani dare, na ga wayata ta nuna cewa Maman 'Yan Biyu ta fita daga zauren. Matar marigayi babban yayanmu ce, tana riƙe da marayu 6 da ɗinki da sayar da kayan miya. Tun da aka fara maganar ba ta ce uffan ba. Washegari na je gidanta.

Na ce, “Yaya, lafiya kika fita?”

Ta ce, “Lafiya lau, wayar ce ta cika.” Ta ɗan yi shiru tana gyara zaren keke, sannan ta ce, “Ku je kawai, Allah ya kiyaye hanya. Sai dai don Allah a daina tura hotunan nan, yaran suna gani.”

Daga gidanta ban zame ko'ina ba sai wajen Kawu, wanda shi ne babban namiji da ya rage mana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Kun fara daga inda ake ƙarewa. Kuna tambayar ina ya fi kyau. Ku fara tambayar ina ne kowa zai iya zuwa. Ayari da raƙumin baya ake auna tafiyarsa. Ki duba ƙafar Hajiya, ki duba goyon da ke bayan matan nan, ki duba aljihun da ya fi kowane sauƙi. Wurin da ya dace da waɗannan uku, shi ne wurinmu.”

Da wannan ma'auni muka koma kan jerin wuraren, sai ga shi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yi rigima ba. Dubai ta faɗi tun kafin a kai ga kuɗin jirgi, don yawancinmu ko fasfo ba mu da shi. Obudu ta faɗi a kan nisa: daga Kano ba tafiyar da za a yi da tsohuwa da goyo a wuni ɗaya ba ce, dole a kwana a hanya zuwa da dawowa, kuma neman masaukin mutum 63 a garin da ba ka san kowa ba wata tafiyar ce daban. Jos ta faɗi a kan lokaci, domin sanyinta na Disamba ba na jarirai ba ne, kuma muna da yara biyu masu asma. Tiga ba ta da laifi, sai dai mutanen Gombe da Abuja ba za su yi doguwar hanya don zaman wuni ɗaya ba.

Da muka shimfiɗa taswira muka ɗiga garuruwan da muke zaune, sai muka ga Bauchi ta faɗo kusan tsakiya. Daga Kano kusan kilomita 300 ne ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi. Daga Jos da Gombe kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce. A jihar Bauchin kuma, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, ga gandun dajin Yankari. Abin kunya, cikinmu 63, mutum 4 ne kawai suka taɓa zuwa, duk da cewa tun muna firamare muke jin sunansa.

Yankari ba ƙaramin wuri ba ne. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Amma ba wannan tarihin ne ya ja hankalinmu ba. Abin da ya ja mu shi ne komai a wuri ɗaya yake. Masauki, wurin cin abinci, ruwan wanka da inda ake hawa motar zagaya daji duk suna sansanin Wikki. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tattara yara 30 cikin mota sau uku a rana ya san darajar wannan. Ga ɗakuna kuma hawa-hawa ne, akwai masu tsada akwai masu sauƙi, don haka ba sai an tilasta wa kowa farashi ɗaya ba.

Maganar kuɗi Kawu ne ya yanke ta. Ya ce ba za a raba bisa yawan kawuna ba, domin wanda ya fi yawan yara sau da yawa shi ya fi ƙarancin hali. Aka yi asusu kamar adashi, kowane gida yana zuba abin da zai iya duk wata har wata 7, kuma ma'aji kaɗai ya san wa ya ba da nawa. Yayanmu na Abuja, Allah ya saka masa, ya ɗauki hayar motoci gaba ɗaya, ya kuma roƙi kada a faɗa a taro. Maman 'Yan Biyu ta ce ita ba za ta tafi hannu rabbana ba, ta karɓi ɗinkin ankon yara duka. Ranar da ta dawo cikin zauren babu wanda ya yi tsokaci, aka ci gaba da hira kamar ba ta taɓa fita ba.

A watan Nuwamba muka tura maza biyu suka je suka kwana. Wannan shawara ce da zan ba kowane dangi: kada a kama wa taro masauki da hoto. Su suka duba ɗakunan da idonsu, suka tambayi kuɗin shiga da na motar daji, suka kama wuri da wuri saboda cunkoson ƙarshen shekara. Su ne kuma suka dawo mana da labarin ƙudan tsando, wanda launin shuɗi da baƙi ke jawowa. Ankon da muka zaɓa kuwa shuɗi ne fes. Dole aka canja shi zuwa ruwan ƙasa, aka ƙara wa rigunan dogon hannu.

Muka sa wa kanmu doka ɗaya da ba a taɓawa: babu tafiyar dare. Kwana biyu kafin tashi aka sake tambayar direbobin tasha halin da hanya take ciki. Bayan sallar asuba motocin Kano suka ɗaga, da kuloli cike da dambun nama da soyayyun kaji, da buhun garin kunu, da gidajen sauro, da akwatin magani a hannun 'yar yayata mai aikin jinya. A Bauchi muka haɗu da sauran, a kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Nijeriya na farko da aka kashe a Janairun 1966. Muka yi masa addu'a, muka haɗa azahar da la'asar, sannan muka ɗauki hanyar Gombe. A Dindima ake barin babban titi a yi kudu zuwa Mainamaji, inda ƙofar gandun take. Kada wanda ya ga ƙofa ya ce an iso. Daga nan zuwa Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40 cikin daji, kuma a wannan tsakanin ne yara suka daina tambayar “an kusa?” suka manne fuskokinsu a tagogi.

Waɗanda suka fara yi mana maraba a sansanin su ne gwaggon biri. Suna yawo tsakanin ɗakuna kamar su suka biya kuɗin wurin, ga mugun dawa kuma yana kiwo a durƙushe bisa gwiwoyinsa, ko kallonmu bai yi ba. Kafin mu gama sauke kaya wani ƙaton biri ya fizge ledar burodi daga hannun ƙanwata ya haye rufi da ita. Daga ranar muka koyi rufe ƙofa da taga, muka kuma hana yara yawo da abinci a hannu. Gwaggo kuwa har muka dawo tana ƙorafin wanda ya fara laƙaba wa wannan ɓarawon dabba sunanta.

Washegari da sassafe aka shiga daji kashi biyu, da ɗan jagora a kowace mota. Mun ga gwambaza, mun ga mazo, mun ga garken ɓauna daga nesa, ga zabi ko'ina. Giwa dai sawunta da kashinta kawai muka gani, zaki kuwa ko alamarsa. Ɗan jagoran ya bayyana mana cewa a Disamba ciyawa ba ta gama kwanciya ba, kuma akwai sauran ruwa nan da can. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, idan rani ya tsananta, dabbobi kan taru a bakin kogin Gaji, a nan ne aka fi ganinsu. Wanda giwa ce ta kai shi, sai ya jure zafin wancan lokacin. Mu hutun makaranta ne ya zaɓa mana lokaci. Samari sun ƙara gaba zuwa kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, suka dawo suna ta gardamar yadda aka yi mutum ya zauna a ciki.

Sai ruwan Wikki, wanda shi ne zuciyar wurin. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har kana ganin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa na nan a maki 31 dare da rana, rani da damina. Mu mata mun zaɓi bayan asuba, kafin jama'a su fito, muka shiga da suturarmu, maza biyu na tsaye can sama suna tare hanya. Yara kuma ba a bar ɗaya ya shiga ba sai da babba riƙe da shi, domin wajen bakin dutsen yana da zurfi.

A nan ne na gane kuskurena. Duk lissafin da na yi da ƙafar Hajiya, na manta ban tambayi yadda ake sauka zuwa ruwan ba. Ashe matakala ce doguwa. Hajiya ta tsaya a sama da sandarta, ta leƙa, ta ce, “Ku je, ni na gani daga nan ma ya isa.” Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Sai ga tagwayen Maman 'Yan Biyu, samari 'yan shekara 17, sun zo da kujerar roba. Ɗayan ya durƙusa ya ce, “Hajiya, hau mu kai ki.” Ta ce, “Ku rufa mini asiri, so kuke ku ƙarasa ni?” Haka dai suka lallashe ta, suka sauka da ita taki ɗaya bayan ɗaya, tana salati tana yi musu faɗa. Aka ajiye kujerar a gefen da ruwan bai kai gwiwa ba. Ta tsoma ƙafafunta, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a kira mata duk jikokin. Suka kewaye ta a cikin ruwan, ta shiga faɗa musu wane ne ya haifi wane, tun daga kakanmu har kansu. Yaran Abuja da na Gombe da ba su san sunayen juna ba ranar farko, a nan suka ji yadda suke.

Kwana uku muka yi. An yi saɓani, ba zan ɓoye ba: an yi kan wa zai hau motar farko, an yi kan wanda ya cinye kilishin da aka ajiye wa hanya. Amma babu gidan da aka bari a baya, kuma babu wanda ya dawo da bashi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Da na faɗa wa Hajiya haka a hanyar dawowa, sai ta ce to ita tata a kujera aka ɗauko ta. Samari sun riga sun fara tura hotunan Obudu don baɗi. Kawu ya ce su je su ƙirgo matakalar wurin tukuna, sannan a zauna.